MOTSA JIKI DA KIYAYE LAFIYA A RAYUWAR BAHAUSHE

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, "Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Wannan karin magana ya nuna irin matsayin da Bahaushe ya ba lafiya tun fil'azal. Hasali ma, da wuya Hausawa biyu su gaisa ba tare da kalmar lafiya ta fito sau uku ko huɗu ba. Sai dai kuma a 'yan shekarun nan, wasu cututtuka da a da ba a cika jin sunansu ba sun zama ruwan dare a garuruwanmu, musamman hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Masana kiwon lafiya sun danganta yaɗuwarsu da sauyin da aka samu a tsarin rayuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan wannan sauyi shi ne raguwar motsa jiki. Wannan babi zai yi bayanin ma'anar motsa jiki, da matsayinsa a rayuwar Bahaushe jiya da yau, da yadda yake aiki a cikin jiki, sannan da sauran ɗabi'un da ke tallafa masa.

2.0 Ma'anar Motsa Jiki

Ta fuskar ginin kalma, "motsa jiki" harɗaɗɗen suna ne da aka samar daga aikatau "motsa" da kuma suna "jiki", wanda yake zaman karɓau. Ta fuskar ma'ana kuwa, ana nufin duk wani aiki da zai sa tsokokin jiki su yi amfani da ƙarfin da aka samu daga abinci fiye da yadda suke yi idan mutum yana zaune ko yana kwance. Ke nan noma da daka da tafiya kasuwa duk motsa jiki ne, kamar yadda ƙwallon ƙafa da gudu suke.

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama a wannan fage, kamar tattaki da sassarfa da gudu da tsalle da iyo da atisaye da kilisa. Kalmar kilisa abin lura ce. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa dokin da aka bari a turke yana cin dawa ba a hawansa, zai yi nauyi ya lalace, don haka yakan fitar da shi kilisa da safe ko da yamma. Bai ware wa kansa irin wannan lokaci ba, saboda ayyukansa na yau da kullum sun ɗauke masa wannan nauyi.

Masana sun kasa motsa jiki gida biyu dangane da ƙarfinsa. Akwai matsakaici, wanda numfashi kan ƙaru har mutum ya kasa rera waƙa, amma yana iya magana, kamar tafiya da sauri. Akwai kuma mai tsanani, wanda mutum ba zai iya furta kalmomi da yawa ba sai ya tsaya ya ja numfashi, kamar gudu ko kokawa.

3.0 Motsa Jiki a Rayuwar Bahaushe ta Gargajiya

Idan aka dubi rayuwar Bahaushe kafin yawaitar injuna da motoci, za a tarar kusan kowace sana'a tasa ta ƙarfi ce. Manomi yana sharar gona da shuka da noman firi da maimai da huɗa da girbi, duk da fartanya da garma da lauje. Maƙeri yana sara da guduma, mai jima yana kirɓa fata, magini yana kwaɓa ƙasa yana jifa da tubali. Fatake kuwa sukan shafe watanni a ƙasa tsakanin Kano da Gwanja domin sayo goro. Mata su ma ba a bar su a baya ba, domin kafin tuwo ya shiga akushi sai an yi sussuka da shiƙa da surfe da daka ko niƙa a kan dutse, ga jan ruwa daga rijiya, ga shara da wanki.

Bayan aiki akwai wasa. Yara maza suna langa da kokawa da iyo a rafi ko kududdufi, 'yan mata suna gaɗa a dandali da farin wata. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan fita dambe da kokawa da farauta.

Wannan ba ya nufin mutanen da ba su ciwo. Sun sha fama da ƙyanda da agana da zazzaɓi da yunwa, kuma da yawa ba su kai shekarun tsufa ba. Abin da ake son fitarwa shi ne, abincin da suke ci yana tafiya daidai da aikin da suke yi.

4.0 Sauyin Zamani

A yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, famfo da rijiyar burtsatse sun rage jan guga, acaɓa da a-daidaita-sahu sun ɗauke tafiyar ƙasa, talabijin da wayar salula sun kwashe yara daga dandali. Waɗannan abubuwa sun kawo sauƙi wanda ba mai musun sa. Matsalar ita ce, aikin ya ragu amma malmalar tuwon ba ta ragu ba, sai ma ƙarin da aka samu na soye-soye da lemon kwalba da shayi mai kauri. Ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwa zai iya fita daga gida a mota, ya wuni a kujera, ya dawo ya zauna a majalisa har dare.

Harshe ma yana nuna yadda al'umma ke kallon lamarin. Idan mutum ya yi ƙiba sai a ce "ya yi jiki" ko "ya murje", idan ya ajiye tumbi sai a ce alamar kuɗi ce, wanda ba ya aikin wahala kuma a kira shi "ɗan hutu". Duk waɗannan kalamai ne na yabo ko sha'awa. Akasin haka, idan aka ga babban mutum yana tafiya a ƙasa sai a fara tambayar ko motarsa ce ta lalace. Irin wannan tunani yana sa wasu jin nauyin fita motsa jiki.

Lamarin bai tsaya ga ƙasar Hausa ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022, kimanin kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, wato mutum wajen biliyan 1.8, ba su motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata.

5.0 Yadda Motsa Jiki Yake Aiki a Cikin Jiki

Ɗaya daga cikin binciken farko da ya tabbatar da alaƙar zama da ciwon zuciya shi ne na Jeremy Morris da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a Ingila a 1953. Sun kwatanta direbobin manyan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocinsu da ke wuni suna hawa da sauka a matakala. Sai suka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, alhali a mota ɗaya suke aiki. Daga nan bincike ya ci gaba har aka fahimci dalilan da suka sa haka.

Na farko, zuciya ita kanta tsoka ce. Idan ana sa ta aiki a kai a kai takan ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Jijiyoyin jini kuma sukan yi laushi su buɗe, wanda hakan ke taimakawa wajen saukar da hawan jini.

Na biyu, tuwo da shinkafa da burodi duk sukan rikiɗe su zama sukari a cikin jini bayan an narkar da su. Jiki yana samar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da wannan sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki. Yawan zama da taruwar kitse, musamman a ciki, kan sa jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ne mafarin nau'in ciwon suga da ya fi kama manya. Tsokar da ke aiki kuwa takan zuƙe sukari daga jini, ta kuma ƙara karɓar insulin.

Na uku, ƙashi da gaɓoɓi suna ƙara ƙwari idan suna ɗaukar nauyin jiki, abin da ke rage wa tsofaffi haɗarin faɗuwa da karaya. Na huɗu, motsa jiki yana rage damuwa, yana gyara barci, yana kuma taimaka wa ɗalibi wajen natsuwa da riƙe karatu.

6.0 Gwargwadon Abin da Ake Buƙata

A cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kamar haka:

a. Yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 a kowace rana.

b. Manya 'yan shekara 18 zuwa 64 su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ayyukan ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

c. 'Yan shekara 65 zuwa sama su yi irin na manya gwargwadon ikonsu, su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako domin guje wa faɗuwa.

Minti 150 a mako daidai yake da minti 30 a rana har kwana biyar, kuma ana iya rarraba shi, a yi kaɗan da safe, kaɗan da yamma.

7.0 Hanyoyin Mayar da Motsa Jiki Cikin Rayuwa

Tafiya a ƙasa ita ce mafi sauƙi, ba ta kuma buƙatar ko kwabo. Ɗalibi zai iya takawa daga ɗakin kwana zuwa aji, magidanci ya taka zuwa masallaci ko kasuwar unguwa, ma'aikaci ya sauka daga mota kafin ya kai wurin aiki ya ƙarasa da ƙafa. Mai aikin zama, kamar tela ko mai shago, ya riƙa miƙewa yana ɗan zagayawa a kai a kai. Matan da ba su cika fita ba suna iya zagaya tsakar gida da sauri, ko tsallen igiya, ko su riƙa yin wasu ayyukan gida da hannunsu maimakon a bar wa 'yan aiki duka.

Wajibi ne a yi la'akari da yanayi. Da bazara a zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a kuma sha ruwa sosai. Da hunturu, masu ciwon asma su guji fita lokacin da ƙura ta yi yawa. Mai azumi ya sassauta, ya bari sai dab da shan ruwa ko bayansa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa. Masu ciwon zuciya ko amosanin jini, da mata masu ciki, su nemi shawarar likita tukuna. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin motsa jiki, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

8.0 Sauran Ɗabi'un da Ke Tallafa wa Motsa Jiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Motsa jiki yana buƙatar wasu ɗabi'u kafin amfaninsa ya cika.

Ta fuskar abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum ke ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen magi da burodi da yajin tsire. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, alhali kwalbar lemo ɗaya kan iya cinye fiye da rabin wannan adadi. Gero da dawa da acca da wake da zogale da rama da kuka da kuɓewa, waɗanda ke kusa da mu, suna da harza da sinadaran gina jiki, don haka bai kamata a yi watsi da su ba.

Ta fuskar barci, babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai a dare. Raba dare a kan waya ko kallon fim yana tauye wannan haƙƙi na jiki. Shayi mai ƙarfi da goro da daddare su ma suna hana barci. Taba sigari da shisha kuwa suna lalata huhu da jijiyoyin jini, don haka barinsu baki ɗaya shi ne mafita.

Daga ƙarshe akwai awo. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai nuna alama ba, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace. Idan awo ya nuna 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, to, akwai buƙatar kulawar likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bar shi don ya fara motsa jiki, sai da izinin likitansa.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Bahaushen da yana samun motsa jiki ne a cikin sana'arsa da wasanninsa ba tare da ya ware masa lokaci ba. Zamani ya rage wahalar aiki, don haka ya zama dole Bahaushen yau ya nemi motsin da gangan. Nauyi na musamman yana kan ɗalibai masu shirin zama malamai, domin su ne za su riƙe yara a firamare da ƙaramar sakandare. Malamin da ya kiyaye lokacin wasannin motsa jiki bai mayar da shi na kwafar darasi ba, ya kuma farfaɗo da langa da gaɗa a filin makaranta, ya yi wa lafiya da al'ada hidima a lokaci guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Yi bayanin kalmar "motsa jiki" ta fuskar ginin kalma da ta ma'ana.
2. Kawo ayyukan gargajiya biyar na maza da biyar na mata da ke ƙunshe da motsa jiki.
3. Ta yaya motsa jiki ke taimakawa wajen kare mutum daga ciwon suga?
4. Tattauna yadda kalamai irin su "ya yi jiki" da "ɗan hutu" ke bayyana tunanin al'umma game da ƙiba.
5. Kawo karin magana uku da suka shafi lafiya, ban da waɗanda aka ambata a wannan babi.