HANNUN HAGU NA MAI KIƊAN KIBOD

A watan Disamba da ya wuce na je wani ƙauye domin duba rumbunan masara, Lahadi kuwa ta same ni a can. Bayan godiyar kaka, ikilisiyar ta sayar da hatsin baiko ta sayo sabon kibod da batir. Amma da aka ta da waƙa, sai mata suka yi gaba, maza suna jan ƙafa a baya, yaron da ke kiɗa kuma yana nasa wuri dabam. Da aka tashi sujada, matasa suka ce maganin abin shi ne a sayo jita mai babbar murya, watau bes, da babbar lasifika. Kuɗin da ke hannun ma'aji kuwa na gyaran rijiya ne. Magana ta yi zafi ƙwarai.

Na roƙi yaron ya sāke kaɗa mini waƙar. Hannunsa na dama gwani ne, yana ta zirga-zirga. Na hagu kuwa yana kwance bisa cinya. Ashe nan ciwon yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku lura da zumuntar mata in suna waƙa. Ba kacau-kacau ke riƙe da su ba, tulun nan ne mai zurfin murya. Shi ke gaya wa ƙafa lokacin takawa. Aikin hannun hagu ke nan a kibod: ya ba jama'a harsashin da za su ɗora murya a kai. Ga hanyoyin da makaɗa ke bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ta fari, tushe. Yawancin waƙoƙinmu na sujada suna tsaye bisa sauti uku, kamar tukunya bisa murhu: do, fa da so. Mai koyo ya sa yatsa ɗaya a ƙasa, ya danna tushen da ya dace a bugun farko, ya riƙe har waƙa ta juya. Wannan kaɗai ya isa ya haɗa kan majami'a.

Ta biyu, ninki. Ƙaramin yatsa ya danna do na ƙasa, babban yatsa ya danna do na sama da shi, mataki takwas tsakaninsu. Muryar takan yi kauri, ta kai har bencin baya.

Ta uku, tafiyar shanun noma. In ana ƙidaya huɗu, a buga do a ɗaya, so a uku, a yi ta maimaitawa ba gaggawa. Ta dace da waƙoƙin tafi da na shigar da baiko.

Ta huɗu, tsani. Maimakon tsalle daga so zuwa do, sai a taka so, la, ti, do. In an yi haka a ƙarshen layi, ko tsohuwar da ba ta karatu za ta ji inda za ta shiga.

Ta biyar, bin rubutu. A waƙoƙi masu murya huɗu, hannun dama yakan ɗauki muryoyi biyu na sama, na hagu ya ɗauki biyu na maza. Wannan sai wanda ya iya karanta sol-fa, amma ba abin da ya fi shi daɗi wajen jana'iza ko Jibin Ubangiji.

A manyan majami'u masu ogan na bututu, ƙafa ce ke wannan aiki. Akwai katakai 30 ko 32 a ƙasa waɗanda makaɗi ke takawa. A Amurka an fito da ogan mai lantarki na Hammond a 1935, majami'un baƙar fata suka karɓe shi hannu biyu. Shahararren makaɗinsa Jimmy Smith yakan ja babbar muryar da hannun hagu, ƙafa tana taimako kawai. Ƙaramin ogan da mishan suka kawo ƙasarmu kuwa, ƙafafu biyu suna kan zugazugi suna ba shi iska, saboda haka tun farko hannun hagu ne ya ɗauki kayan. Ba sabon abu ba ne a gare mu.

Kibod na zamani yana da dabaru biyu. Ana iya raba shi, ɓangaren hagu ya yi muryar jitar bes, na dama ya yi fiyano. Watau jitar da matasan ke nema tana cikin abin da suka riga suka saya. Akwai kuma maɓallin da ke sa inji ya yi ganga da bes da kansa. A yi hankali da wannan. Inji ba ya jiran kowa. In jama'a sun ja numfashi a ƙarshen baiti, shi ya riga ya wuce.

Ga gargaɗi biyu. Kada a tara sauti uku kusa da juna a can ƙasa, gama sukan dagule kamar ruwan kududdufi, ƙaramar lasifika kuma ta yi ta ƙugi. Ɗaya ko biyu sun isa. In kuwa akwai mai jitar bes a ƙungiya, mai kibod ya bar masa ƙasa, ya matsa da hannunsa tsakiya, kada su riƙa taka juna.

A ƙauyen nan dattawa suka ba yaron wata uku. Kowace yamma yakan zauna da uwar da ke buga tulu, hannun damansa a aljihu, yana bin bugunta da do, fa da so. Da na koma kafin Ista, an riga an yashe rijiya an ɗaure bakinta da siminti. Har yanzu yaron yakan yi tuntuɓe a tsani, amma jama'a suna farawa tare, suna ƙarewa tare.

'Yan'uwa, kafin kwamiti ya taɓa kuɗin taki ko na rijiya domin kayan kiɗa, a fara duban inda hannun hagu na makaɗinku yake.