Karayar Makka, Jinyar Wurno

Idan jiragen alhazan Jigawa suka fara sauka a filin jirgin sama na Dutse, a cikin masu saukowa da jakar hannu da sabon haƙorin Makka ba a cika rasa wanda ya rataye hannu a wuya ba, farin siminti tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu. In ka tambaya, labarin kusan ɗaya ne: santsin tayil a banɗakin masauki, ko marmarar Harami da aka gama wankewa, ko turereniyar shiga mota a Muzdalifa. Mutum ya tafi zai faɗi, ya kai tafin hannu ya tokari ƙasa, nauyin jikinsa duka ya sauka a wuyan hannu, sai ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa ya karye dab da gaɓa. Wani likita a Dublin, Abraham Colles, shi ya yi bayanin wannan karaya a 1814, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiran ta. Ta fi samun dattawa, musamman matan da suka daina al'ada, domin ƙashinsu ya rage ƙwari. Su ne kuwa da yawa daga cikin maniyyatanmu na Wurno da Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera da amfanin gona da kiwo.

A can ƙasa mai tsarki abin bai cika yin wuya ba. Asibitocin gwamnatin Saudiyya suna duba mahajjata kyauta a lokacin Hajji, akwai na Ajyad a gefen Harami, akwai Al-Noor, ga kuma asibitocin wucin gadi da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ke buɗewa da likitocinmu na gida. Za a ɗauki hoton ƙashi, a kashe zafin wurin da allura, a ja ƙashin ya koma mazauninsa, a sa siminti. In ya farfashe ko karayar ta shiga gaɓa, sai tiyata a sa ƙarfe. Ibada ma ba ta tsayawa: fiƙihunmu na Malikiyya ya yarda a yi shafa a kan ɗauri wajen alwala, wanda ya kasa jifa kuma malaman tawaga za su nuna masa yadda ake wakilci da abin da ke biyo bayansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙashi ba ya bin jadawalin jirgi. A kwanakin farko jini ne ke taruwa ya daskare a bakin karayar. Cikin mako biyu zuwa uku jiki ya mayar da wannan gudan jini wani abu mai taushi kamar guringuntsi, ya riƙe ɓangarorin biyu riƙon da bai kai ya kawo ba, kamar ginin laka da bai sha rana ba. Daga nan ne yake fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi, shi ya sa babba yakan yi kamar mako shida da siminti, yaro kuma ƙasa da haka. Mai ciwon sukari da mai shan taba nasu yakan ja lokaci. To, wanda ya faɗi a Mina, sau da yawa mako biyu ko uku ne tsakaninsa da jirgin dawowa. Ke nan zai iso gida daidai lokacin da ɗorin yake ɗanye.

Jirgin ma da nasa sharaɗin. Iskar cikinsa ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, kamar mutum ne a kan dutse mai tsayin mita 2,000 ko kusa da haka, ga zaman awa huɗu ko biyar daga Jidda, duk suna ƙara kumburi. Saboda haka kamfanonin jirage da dama ba sa ɗaukar wanda aka sa wa siminti ƙasa da awa 48 a doguwar tafiya, sai an tsaga simintin daga sama har ƙasa domin hannu ya sami wurin kumbura. A ɗaga hannun a kan matashi, a riƙa motsa yatsu, zobe kuma a cire shi tun ranar da aka faɗi, kafin yatsa ya cika sai an yanke zoben.

Sai gida. Gari ya taru, ana "Alhaji, sannu da hanya", ana miƙa dabino da zamzam, kowa na son ya yi musafaha da hannun da ya taɓa Ka'aba. Kafin magariba wani ɗan'uwa ya matso ya ce, "Baba, wannan simintin na Larabawa ai nauyi ne kawai, a cire a kai ka wajen mai ɗori." Ni ba na cikin masu zagin masu ɗori. Suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, sun gaji sana'ar iyaye da kakanni, kuma karaya mai sauƙi da yawa ta warke a hannunsu, domin ƙashin da aka daidaita aka hana shi motsi yakan haɗe. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin hannu. In ya kama karayar mako uku ya ja ya murɗa don ya "gyara", abin da jiki ya gina ne yake rushewa. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, shi ne ɗaurin kara da tsumma da aka tamke a kan hannu mai kumburi. Jini ya kasa wucewa, tsoka ta fara mutuwa cikin awa shida ko makamancin haka, yatsu su ƙanƙame kamar faratan shaho, ba su ƙara miƙewa ba. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya rubuta wannan a 1881. Wani lokaci hannun ruɓewa yake yi, sai yankewa.

Alamomin wannan toshewar jini ba ɓoyayyu ba ne, kuma siminti na asibiti ma yana iya jawo su in ya matse: ciwo mai ƙaruwa da magani ba ya kwantar da shi, zafi mai tsanani in an miƙar da yatsa, yatsu su yi sanyi ko fari ko shuɗi, ko su mutu ba a jin taɓawa. Wannan ba abin bari sai gari ya waye ba ne. A sassauta ɗaurin a nufi asibiti a daren.

Abin da ya kamata alhaji ya riƙo daga Makka tamkar fasfo shi ne takardar asibiti da hoton ƙashinsa. In ba a ba shi hoton a hannu ba, abokin ɗaki ya ɗauka da waya daga allon kwamfuta. Likitan da ke Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu yana bukatar ya san ranar da aka karye da yadda ƙashin yake a ranar, domin irin wannan karaya takan zame a cikin siminti a mako biyun farko, idan kumburi ya saɓe simintin ya yi sako-sako. Sabon hoto ne zai nuna. In ta zame ko tana son tiyata, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake wannan aiki tun 1959.

Ranar da aka fasa siminti mutane kan ɗauka an gama, sai su ga hannu ya rame, fata na saɓa, wuyan hannu ya ƙi lanƙwasuwa. Dattijon da ya rataye hannu mako shida bai motsa kafaɗa ba, kafaɗar ma takan sandare har ya kasa sa riga. Maganinsa a sashen gashin ƙashi yake, da atisayen da za su koya masa ya riƙa yi a gida: dunƙule hannu da buɗewa, matsa soso a ruwan ɗumi, juya tafi sama da ƙasa, ɗaga hannu bisa kai sau da yawa a yini. Jan carbi da hannun ma yana taimaka wa yatsu. Cin tuwo da rubutu sukan dawo da wuri. Aikin ƙarfi kuwa yakan jira wata uku, sauran ƙarfin damƙa kuma yana iya ɗaukar shekara.

A 'yan shekarun nan Hajji na faɗowa ne a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, alhazai su dawo damina ta kankama, gero da dawa na jiran noman fari. Manomin Wurno da ya dawo da siminti ba zai riƙe fartanya ba sai wajen kaka, Hajiya ma taɓarya da guga sun fi ƙarfinta har lokacin. Gonar bana ta 'ya'ya ce da 'yan ƙwadago, kuma gara a ware kuɗinsu tun kafin tsaraba ta cinye guzurin da ya rage.