Matsalar Kuskuren Ji Wajen Rubuta Waƙoƙin Baka na Ƙasar Damagaram

1. Gabatarwa

Manazarcin da ya ɗauki muryar makaɗi a Zinder ko a ƙauyukan Hamdara, cikin yankin Mirya, yakan zaci ya gama rabin aiki. Amma sa'ad da ya zauna zai mai da waƙar a takarda, sai ya tarar abin da kunne ya ji ya sha bamban da abin da makaɗi ya nufa. Wannan maƙala za ta duba mafarin kuskuren, da hanyar kauce masa, domin irin waɗannan waƙoƙi ne akan zuba cikin littattafan yaƙi da jahilci.

2. Karin sauti da tsawon wasali

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita baƙaƙe, amma har yanzu "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Haka kuma "kuka" na itace da "kuka" na hawaye, da "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki. A magana, kunnen Bahaushe yana rarrabe su nan take. A waƙa kuwa, rauji yakan danne karin kalma, makaɗi yakan ja wasalin ƙarshen layi, ganga kuma ta rufe gaɓa.

Alal misali, kalmar "baba" tana iya nufin mahaifi, ko gwaggo, ko shunin rini, ko baban fada wanda aka dandaƙe. A Damagaram ma'ana ta ƙarshe tana da tarihi, domin a 1906 Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka ɗora Ballama, wanda baban fada ne. Ke nan wanda ya fassara kalmar da "mahaifi" a waƙar da ta shafi wannan zamani yana iya mai da zambo yabo.

3. Baƙaƙe masu lanƙwasa

Takardun Faransawa suna rubuta laƙabin sarkin da ya rasa gadonsa a 1899 da "Kouran Daga". Mai karatun da bai san tarihi ba yana iya ɗaukarsa "ƙura", ko "ɗaga", ko "daga" mai nuna mafari. Abin nufi shi ne kura da dagar yaƙi, watau kirarin jarumta. Duk rubutun da aka buga da tafireta maras ƙ, ɗ da ɓ yana ɗauke da wannan haɗari.

4. Kalmomin aro da habaici

Damagaram ta daɗe ƙarƙashin Barno kafin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa ta. Saboda haka sarautu irin su Kaigama, Ciroma da Kacalla sun zauna a bakin makaɗan fada. Kunnen da bai san kalma ba yakan sauya ta da wata makusanciya wadda ya sani, ba tare da mai shi ya farga ba.

Ko da an ji kalma daidai, saura ma'ana. Makaɗin fada ba ya kiran sunan abokin hamayyar ubangidansa. Yakan siffanta shi da dabba ko da wani aibi, ƴan gari su gane, baƙo ya wuce.

5. Shawarwari

(a) A saurari ƴan amshi, domin sukan maimaita layi a fili fiye da jagora.
(b) A nemi makaɗi, ko magajinsa, ya faɗi baitin da muryar magana, a sa alamar kari da tsawo kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ya yi.
(c) A rubuta wanda aka yi wa waƙar, da wuri, da dalili.
(d) A tambayi dattawa biyu ko uku dabam dabam. In sun saɓa, a adana dukkan ra'ayoyin.

6. Kammalawa

Kuskuren da ya shiga littafin koyon karatu yakan zama gaskiya ga ɗalibi, kuma bayan rasuwar makaɗi da wuya a sami mai gyara shi. Don haka ya wajaba a ajiye faifan asali tare da kowane rubutu, yadda na baya za su iya komawa su sake saurare.