Tsofaffin Injinan Pinball da Masu Tayar da Su a Kwamfuta

Duk wanda ya koyi kwamfuta a shagunan buga takardu na Sakkwato a zamanin Windows XP, ko daga Dingyaɗi ya zo ko Boɗinga ko Shagari, da wuya a ce bai taɓa wasan nan ba: a harba 'yar ƙwallo sama, ta yi ta karo da ginshiƙai tana tara maki, in ta gangaro a tare ta da 'yan hannaye biyu. Sunansa Space Cadet, kuma tun 1995 kamfanin Microsoft ya fara haɗa shi cikin kayansa. Da yawa sun ɗauka a kwamfuta aka haife shi, alhali kwaikwayo ne na wani inji mai ƙafa huɗu, na katako da ƙarfe da gilashi, wanda ake ce wa pinball.

Tushensa wani wasan tebur ne na Faransa mai suna bagatelle, amma a birnin Chicago na Amurka ya zama sana'a. A 1931 David Gottlieb ya fito da Baffle Ball, wanda ake jefa wa kwabo a yi wasa. A 1933 aka sa wa irinsa lantarki. A lokacin babu 'yan hannayen taron ƙwallo, harbi kawai za ka yi ka zuba ido, sa'a ta yi sauran, masu shaguna kuma na biyan wanda ya ci. Caca ke nan tsagwaronta, shi ya sa a 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta shi, aka kwashe injina aka farfasa da guduma. Kamfanin Gottlieb ya kawo 'yan hannayen a 1947 cikin injin Humpty Dumpty, har guda shida, ƙwarewa ta samu shiga. Duk da haka sai 1976 aka janye haramcin, bayan wani marubuci, Roger Sharpe, ya buga wasan a gaban majalisar birnin ya nuna hannu ne ke aiki.

Injinan da aka ƙera daga 1947 zuwa wajen 1977 su ne abin maganarmu. Babu ƙwaƙwalwar kwamfuta ko ɗaya a cikinsu. In ka ɗaga allon wasan, abin da za ka tarar shi ne damin wayoyin lantarki, da jerin makunnai masu aiki da maganaɗisu, da wata 'yar mota mai juya fayafai masu haƙora. Ita ce mai lissafi. A ce ƙwallo ta bugi wurin maki 50. Motar za ta juya ta aika bugu biyar, kowanne ya tura gangar lambobi taki ɗaya, kowanne kuma ya sa sandar ƙarfe ta doki ƙararrawa. Da kunnenka kake ƙirga makinka. In ƙwallo ta sake bugun wani wuri kafin motar ta gama juyinta, makin na iya salwanta, gwanaye kuma sun san da haka. Can cikin akwatin akwai wani ƙarfe a rataye a tsakiyar zobe. Girgiza injin don karkatar da ƙwallo halas ne a dokar wasan, amma in ka wuce gona da iri ƙarfen ya taɓa zoben, nan take hannayen su mutu, ƙwallo ta tafi kana kallo.

Daga wajen 1977 kamfanoni suka koma ga ƙwaƙwalwar lantarki, aka samu muryoyi da kiɗa da dokoki masu sarƙaƙiya. To me ya sa yau matashin da bai ga wancan zamani ba yake neman tsohon yayi a wayarsa? Babban dalili shi ne babu ɓoye-ɓoye. Dokar wasan duka tana kan 'yar takarda a gaban gilashi: kashe waɗannan fitilu, kayar da waɗancan alluna, shi ke nan. Allon bai cika gangara ba, don haka ƙwallon, mai nauyin kusan giram 80, tana yawo a hankali, sai ka ɗauka abin da sauƙi. Amma hannayen na da, har zuwa ƙarshen shekarun 1960, inci biyu ne kacal, ratar da ke tsakaninsu kuma mai faɗi, minti ɗaya na iya ƙare maka wasa. Masu son su kamar bakaniken da ke yabon tsohuwar Fijo 504 suke: in ta yi tari ya san inda ciwon yake da kunne da sifana, ba sai an jona mata kwamfuta ba.

Injinan na gaskiya kuwa sun yi ƙaranci. Suna da nauyi, suna cin wuri, masu gyaransu na ta raguwa. Kamfanin Gottlieb ya rufe a 1996, kamfanin Williams ya bar sana'ar a 1999. Wanda ke son ganin da yawa a wuri guda sai ya je gidajen ajiya irin Pinball Hall of Fame a Las Vegas. Nan kwaikwayon kwamfuta ya shigo. A 2000 Randy Davis ya saki manhajar Visual Pinball kyauta, kowa ya gina teburinsa. Abin mamaki, tsofaffin sun fi sababbin wuyar kwaikwayo. Na baya-bayan nan dokarsu na rubuce a ƙwaƙwalwa, kwafa ake yi a ɗora. Na da kuwa dokarsu tana cikin yadda aka ɗaure wayoyi, sai mutum ya shimfiɗa taswirar wayoyin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da kowane makunni ke yi, ya ɗauki hoton allon, ya naɗi sautin ƙararrawar. Galibi 'yan sa-kai ne ke wannan wahala, ba a biyan su. Kuma aikinsu ya fi daɗewa a hannun jama'a: The Pinball Arcade, wanda ya fito a 2012 don sayarwa, ya rasa lasisin teburan kamfanonin Williams da Bally a 2018, dole ya daina sayar da su.

A ganina kwaikwayon bai kamo na asali ba, kuma ba zai kamo ba. Ƙwallon kwamfuta ta cika biyayya. Kowane injin gaske da halinsa: wannan robarsa ta saki, wancan hannunsa na hagu ya yi sanyi, danna maɓalli kuma ba ya maye gurbin tura akwati da ƙugu. Sai dai kwaikwayon ya adana ilimin yadda aka ƙera su, kuma babu ramin jefa kuɗi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani da manhajojin caca suka cika wayoyin samari.

Mu ma muna da abin adanawa. Dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, dokokinta na kan dattawa ne, kuma sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke neman aikin kammala karatu, ku je dandalin dara a Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari, ku zauna da gwanaye, ku rubuta dokar kowane gari da salon kasawarsu kafin ku fara gina manhaja.