Curin naman shanu: yadda ake yin shi da yadda ake ajiye shi cikin sanyi

Nama ya yi tsada, itace da gawayi ma sun yi tsada. Uwargida kuma aiki ya yi mata yawa: ga ɗibar ruwa, ga daka, ga yara, ga sana'a. Shi ya sa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa mata da yawa suka koyi wata dabara. Suna sayen naman shanu kilo 1 ko 2 a rana guda, su niƙa shi, su cura shi kamar yadda ake cura fura, su dafa, su ajiye cikin firigo mai ƙanƙara. Mutanen birni suna kiran wannan curin nama da suna bulet. Ranar da aka bukata sai a ɗebo kaɗan a jefa cikin miya.

Dabarar tana da kyau. Tana rage ɓarnar itace, tana sa nama kaɗan ya kai iyali kwanaki, kowa kuma ya samu rabonsa daidai. Amma niƙaƙƙen nama ya fi kowane irin nama saurin lalacewa. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin aikin daki-daki.

Me ya sa niƙaƙƙen nama ke saurin ɓaci?

Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Suna hawa nama daga wuƙar mahauci, daga tebur, daga ƙuda, daga hannu, ko daga kashin dabbar a lokacin fiɗa. Idan nama yanka guda ne, yawancin ƙwayoyin a bayansa suke, wuta na taɓa su sai su mutu. Idan aka niƙa shi kuwa, na waje sun koma ciki, sun gauraye ko'ina. Sai wuta ta ratsa har tsakiyar curin kafin su mutu.

Waɗannan ƙwayoyi suna son ɗumi. Suna haihuwa sosai tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma wasu suna iya ninka yawansu cikin minti 20 kacal. A ƙasarmu, a watannin Afirilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Ke nan naman da aka bari a kwano tun hantsi, kafin la'asar ya zama gonar cuta.

A shekarar 1993, a ƙasar Amurka, niƙaƙƙen naman shanu da bai dahu sosai ba ya sa mutane fiye da 700 rashin lafiya, yara 4 suka rasu. A 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420.000 a duniya, 125.000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Sayen nama

A sayi naman da aka yanka a mayanka, wanda likitan dabbobi ya duba ya buga masa hatimi. A tafi kasuwa da safe, tun nama yana sabo. Kada a sayi naman dabbar da ciwo ya kayar aka yi saurin yankawa, ko da an karya kuɗinsa, domin ciwon saifa yana kama mutum ta hanyar nama. Idan aka ga ƙananan ƙulli farare kamar ƙwayar shinkafa cikin tsoka, a bar naman nan: ƴaƴan tsila ne.

A zaɓi tsoka mai ɗan kitse kaɗan, domin tsoka zalla tana sa curin ya yi tauri. Ya fi kyau a niƙa a gida, ko a daka a turmi mai tsabta. Idan za a kai inji, a tabbata an wanke injin, kuma a niƙa a gaban mai nama.

Kayan haɗi

Ga abin da ake bukata ga nama kilo 1:
Albasa 2 madaidaita. Albasar Galmi tana da kyau ga wannan aiki.
Tafarnuwa ƙwaya 4.
Ƙwai 2.
Garin busasshen burodi kofi 1. In babu, garin ƙuli-ƙuli ma yana yi.
Gishiri, masoro, citta da garin tattasai daidai bukata.
Man gyaɗa na suya.

Ƙwai da garin burodi su ke riƙe curin don kada ya watse cikin tukunya. Garin kuma yana ƙara masa auki.

Yadda ake yi

Da farko a wanke hannu da ruwa da sabulu. A wanke turmi, taɓarya, wuƙa da kwano. A daka albasa da tafarnuwa su yi laushi, a zuba kan naman tare da ƙwai, gari da kayan yaji. A cuɗa har su haɗu. A shafa ɗan mai a tafin hannu, a riƙa curawa kamar girman ƙwan zabo. Kilo 1 yana ba da curi wajen 30. Kada a yi su manya, domin babban curi yakan ƙone a waje alhali cikinsa ɗanye ne.

A soya su cikin mai mai zafi, ana juyawa har su yi ja ko'ina. Suya kaɗai ba ta isa ba. A zuba su cikin ruwan tumatir ko romo mai tafasa, su ƙara minti 20 bisa wuta. Sannan a fasa guda ɗaya mafi girma a duba. Idan akwai sauran ja a tsakiya, ko ruwan da ke fitowa yana da launin jini, a mayar bisa wuta. Masana sun ce sai zafin tsakiyar nama ya kai digiri 70 ake samun kwanciyar hankali.

Kwanon da ɗanyen nama ya zauna ciki, kada a mayar da dafaffe cikinsa sai an wanke shi da sabulu.

Ajiya

Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba. Lokacin bazara kuwa, awa 1 ce iyaka. Don haka a tsame curin, a baza shi a faranti mai faɗi domin ya huce da sauri, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda. Da ya huce, a sa farantin cikin firigo mai ƙanƙara har curin ya daskare. Ta haka ba zai manne da juna ba.

Daga nan a raba shi cikin leda mai tsabta, kowace leda daidai girkin rana ɗaya. Gidan mutum 6, in kowa zai samu 2, curi 12 ke nan a leda. A matse iskar ciki, a ɗaure sosai. A rubuta ranar da watan a ƴar takarda a liƙa. Ga wani amfanin karatun da muke yi: ledar da aka rubuta wa rana ba ta ruɗa mai ita. A fara cin tsohuwa kafin sabuwa.

Firigon da sanyinsa ya kai digiri 18 ƙasa da sifili yana riƙe dafaffen curi wata 2 zuwa 3 da daɗinsa. Ƙaramin firigo mai sanyaya ruwa kawai, kwana 3 ne. A sani cewa sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci yake sa su. Da nama ya narke ya yi ɗumi, sai su farka su ci gaba da haihuwa.

Ranar girki, a zazzage curin da ƙanƙararsa cikin miya mai tafasa, ya yi minti 20 har cikinsa ya yi zafi ƙwarai. Kada a shanya shi a rana don ya narke. Yana tafiya da shinkafa, taliya ko tuwo. Yaron da ya wuce wata 6 ana iya murmushe masa rabin curi marar yaji cikin abincinsa. Nama yana ƙara jini, yana kuma gina jiki.

Idan wuta ta ɗauke

Wannan ita ce babbar matsalarmu, musamman da bazara. Doka ta farko: kada a buɗe firigo. Wanda yake cike, in ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyinsa wajen awa 48. Wanda yake rabi, awa 24. Saboda haka a cike wurin da ya rage da buta-butan ruwa ko ledojin ƙanƙara.

Idan wuta ta dawo, a taɓa ledar. In da sauran ƙanƙara a jikin curin, babu laifi. In ya narke amma yana da sanyi sosai, a dafa a ci a ranar. In ya yi laushi kuma ya yi ɗumi fiye da awa 2, ko ba a san tun yaushe ya narke ba, a zubar. Kada a dogara ga hanci ko harshe, domin nama yana iya gurɓata ba tare da ya yi wari ba. Wasu ƙwayoyin kuma suna barin dafi wanda tafasa ba ta kashewa. Asarar kilo guda ta fi sauƙi bisa ga kwanciyar yaro a gidan likita.

Mai ajiya a firigon maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara ta tambaya ko ana kashe shi da dare. In ana kashewa, wurin bai dace da ajiyar nama ba.

Ga waɗanda ba su da firigo

Bisa lissafin Bankin Duniya na 2022, wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki a Nijar. Mafi yawanmu ke nan ba mu da firigo. Mai wannan hali yana iya yin curin nama, amma a ci shi a ranar da aka dafa. Na ajiya kuwa, a koma ga abin da muka gada: dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau, kilishi, da soyayyen nama irin na sallar layya. Ƙwayoyin cuta ba su yaɗuwa inda babu danshi. A ajiye su cikin kwano mai murfi, a ɗiba da cokali busasshe.

Idan wani a gida ya kamu da zawo da amai bayan cin nama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari da ake samu a gidan likita. In yaro ne ƙarami, ko an ga jini cikin zawon, ko ya kasa sha, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa matan gidansu da maƙwabta. Rigakafi ya fi magani.