Sirrin da ke Ɓoye a Bakin Dish

Duk wanda ya ratsa Sabon Birni ko Isa, ya ga dish ɗin satalayit a kan rufin gidajen kallon ƙwallo, kuma ya tuna halin da jama'a suka shiga a watan Satumba na 2021 da ya dace da 1443 bayan Hijira, sa'ad da aka katse layukan waya saboda ta'asar 'yan bindiga, ba ya bukatar wata hujja cewa rayuwar ƙasar Gobir a yau ta rataya ga gajerun igiyoyin rediyo waɗanda ido ba ya gani.

Saƙon da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam, bayan ya keto tazarar kilomita kusan 36,000, yakan iso a raunane ƙwarai, har sai wata 'yar na'ura da ke cikin kan nan na bakin dish ta ƙarfafa shi. Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ne ya ƙago ta wajen 1980, hikimarta kuwa ita ce tsare ƙwayoyin lantarki a wani shimfiɗi mai siranta, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau dubbai, inda suke gudu ba tare da yawan karo ba.

A irin wannan shimfiɗi ne malamai suka ci karo da abin al'ajabi. A 2001 Michael Zudov da abokan aikinsa a Amurka suka sanyaya shi zuwa kusan digiri 272 ƙasa da sifiri, suka sa masa maganaɗisu mai rauni, wanda ke tilasta wa ƙwayoyin yin kewaye, sa'an nan suka haska masa gajerun igiyoyin rediyo; sai turjiyarsa ga wutar lantarki ta riƙa hawa da sauka gwargwadon dacewar saurin kewayen da bugun igiyoyin. A 2002 kuma Ramesh Mani da Klaus von Klitzing a Jamus suka ga turjiyar ta ɓace ɗungum a wasu wurare, alhali kuwa an zaci hasken zai ƙara ta ne. Har yau akwai saɓani tsakanin masana game da tafsilin dalilin wannan al'amari.

Lalle ne ɗalibanmu na Gobir su san cewa ƙofar wannan ilmi a buɗe take, kuma wajibi ne iyaye da hukuma su tsare musu makarantunsu, domin su zama masu ƙirƙira, ba masu saye kaɗai ba.