Haƙƙin Masu Aikin Itatuwa a Yammacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin darbejiya a Anka ko Gummi, yana kallon mutum ya ɗare can ƙololuwa da gatari a kafaɗa, ba igiya ba takalmi, domin ya sare reshen da ya doshi rufin gida kafin iskar farkon damina, ya san ladan da ake miƙa masa bai kai kwatankwacin hatsarin ba. Haka lamarin mai shayar da dashe da rani a Bukkuyum yake.

Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa a san aikin, a kuma yanke ladan tun kafin a fara; amma al'adar "yi, ma daidaita" ta rinjaya, wadda galibi mai ƙaramin ƙarfi take cuta.

Dokar ƙasa kuwa, ko da yake ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a shekarar 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ballantana ɗan jinga. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, da wuya ta riski wanda ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

Saboda haka, a ganina, ya wajaba a yanke lada gwargwadon tsawon itace, a kuma ambaci wanda zai ɗauki kuɗin magani idan an faɗo, a gaban shaidu.